Allurar da ban haɗiye ba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina cin amfanin wata allura da ban taɓa haɗiye ta ba. Da ba don an yanka mini ciki ba, ina jin da har yau ina ci, don ni ba mutum ne mai saurin jin kunya ba.

Ina ɗan shekara goma sha uku Yaya ta ɗauko ni daga Ƙonni ta kawo ni Yamai, bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ce babbarmu, ni ne auta. Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya yi sati biyu a hanya ya yi kwana biyu a gida, saboda haka gidan nata ne, dokar ma tata ce. Yaji da daddawa da busasshiyar kuɓewa take sayarwa a kasuwar Petit Marché, kuma da kanta take daka yajinta. Duk wanda ya san abin da taɓarya ke mayar da hannun mace, ya san irin hannun da ya rene ni. Ba ta dukan fuska, ta ce fuska abar girmamawa ce. Ƙeya take nema, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Ta kai ni wurin wani tela in koyi ɗinki. Ban fi wata biyar a shagon ba ta kawo wata atamfa da ta daɗe tana ajiya don sunan ɗiyar maƙwabciyarta, ta ce maigidana ya ɗinka mata. Ranar ya tafi jana'iza unguwar Saga, ni kuwa na ga dama ta samu in nuna wa duniya ko ni wane ne. Na ɗauki almakashi. Wuyan da na yanka wa rigar nan, jaki da mangalarsa zai wuce ta ciki bai taɓa gefe ba. Ina zaune ina ƙoƙarin tattare shi da hannu, allura tsakanin leɓɓana kamar yadda na ga manya suna yi, sai ga Yaya ta leƙo ta ga ko an fara. Ta ɗaga rigar sama. Ta cikin wuyan ta kalle ni.

Dukan farko ya sauka a ƙeyata, allurar ta yi tsalle daga bakina ta faɗa cikin rairayi ƙarƙashin keken ɗinki. Da idona na ga inda ta faɗa, har tana ƙyalli. Na kuma ga hannun ya koma baya yana shirin kawo na biyu. Ban yi shawara da kowa ba, na dafe maƙogwaro na kurma ihu: "Na haɗiye! Yaya, na haɗiye allura!" Sannan na sa ƙafa na take ta.

Hannun ya tsaya a sama. Matar da ƴan dako ke kauce mata a kasuwa ta durƙusa gabana tana salati, tana buɗe mini baki tana leƙawa. Kwana bakwai ana ɗura mini miyar kuɓewa, wai don allurar ta zame ta fita, da ayaba, da manyan lomomin tuwo da sai na rufe ido kafin su wuce. Naman da a da sai dai in ga wucewarsa zuwa kwanon mijinta, sai ga shi a nawa. Kowace safiya ta miƙo mini fo ta tsaya bakin ƙofa, in na gama ta ɗauki tsinke ta bincika. Ba ta samu komai ba, tunda ba a ajiye komai ba. Likitan unguwa ya ce in babu ciwo babu jini, to ta riga ta fita ba a lura ba. Yaya ta ce abin da bai bi ta gaban idonta ba bai fita ba.

Tun daga ranar ba ta sake taɓa ni ba, ni kuma na gane na tsinci dami a kala. In aka ce in ɗebo ruwa, sai in dafe ciki in ɗan karkace. In na dawo gida bayan an gama neman inda na shiga, in dafe ciki. Da na isa buɗe shagona, ta sayar da ƴan kunnenta na zinariya ta saya mini keke, ta ce mai allura a ciki bai kamata ya yi ta yi wa wani bauta ba. Na karɓa, na yi godiya, har na ɗan dafe cikin don kada ta ga kamar ta yi asara. Da na girma na yi aure na daina dafewa, amma ita ba ta daina tambaya ba. Gaisuwarta ke nan kullum: "Auta, ina kwana, ina gajiya, ta motsa?" Sau da yawa na yi niyyar in gaya mata gaskiya. Ƙaryar da ta kwana biyu kana iya faɗa a yi dariya a wuce. Wadda ta shekara ashirin, ta ci nama ta ci ƴan kunne, ban san ta inda zan kamo ta ba.

To, bara waccan cikin ya gaji da sharrin da nake masa, ya fara ciwo na gaskiya. A dama yake kama ni, ƙarƙashin haƙarƙari, musamman in na ci abu mai maiƙo, ni kuwa ban iya wuce mai tsire ban gaishe shi ba. Aka ɗauki hoton cikin, likita ya ce tsakuwa ce ta taru a matsarmama, sai an yi aiki an cire. Yaya ta saurare shi har ya gama, ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ka sanin labari. Ta ce, "Ku dai ku buɗe, za ku gani." Ya ce ai hoton bai nuna wani ƙarfe ba. Ta ce abin da ya shekara talatin a gida ya san maɓoya.

Mai jinya ɗaya ake bari ya zauna da majinyaci. Matata tana da goyo, amma ko da ba ta da shi, ba na jin za ta iya ja da Yaya a kan wannan kujera. Yaya ta rufe rumfarta, ta zo da tabarma da buta, da wata farar tasa daga cikin kayan aurenta wadda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki.

Ana gobe aikin, da yamma, Yaya ta fita salla, sai ga wani likita siriri da takarda a hannu, ya ce shi ne mai sa barci. Ya tambaye ni ko ina shan taba. Na ce Allah ya kiyaye, na gyara zama ina jiran yabo. Ya ce to, waɗanda ba su sha sun fi saurin amai bayan aiki. Ranar na fara jin an mayar da halin kirki laifi. Ya sake tambaya ko ina amai a mota. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo masunci daga Goudel, an yi masa aikin ƙaba, yana kwance ya kasa kunne. Gaskiyar magana, ni ko cewa aka yi gobe za mu yi tafiya, yau zuciyata ke fara tashi. Daga Ƙonni zuwa Yamai babu garin da ban bar masa tsaraba ba, Dosso kuwa ta sha nata zuwa da dawowa. Amma in faɗi haka gaban mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa? Na ce, "Ni? Ko a kwalekwale." Likitan ya rubuta ya tafi. Dattijon ya dube ni ya mayar da kai.

Da safe aka shiga da ni. Na farka wajen azahar, bakina da ɗanɗanon ƙarfe, ledar ƙarin ruwa rataye a kaina, rufin ɗakin yana juyawa a hankali. Abin da na fara ji shi ne muryar Yaya tana gardama. Likitan da ya yi aikin ya kawo mata tsakuwoyin a wata ƴar kwalba don ta gani. Ta girgiza kwalbar, ta ɗaga ta wajen haske, ta ce, "Ina allurar?" Ya ce babu allura. Bayan ya fita ta juya wajen dattijon ta ce, "Ka ji mini mutane. Sun buɗe ɗaki guda sun ce ba ta cikin gida."

Daidai nan wasu masu dubiya suka buɗe kwanon shinkafa da soyayyen kifi a ƙarshen ɗaki. Ƙamshin ya iso ni, yawu ya cika mini baki, wani gumi mai sanyi ya karyo mini. Kafin in yunƙura, Yaya ta riga ta tara farar tasarta. Babu abinci a cikina tun jiya, wani ruwa ne kore mai ɗaci ya fito. Wanda bai taɓa yin amai da sabon ɗinki a ciki ba, kada ya ce ya san ciwo. Duk yunƙuri ɗaya sai in ji kamar an kama bakin yankan ana gwada ƙarfin zaren. Ni tela ne, na san abin da ke samun sabuwar riga in mai ƙiba ya yi atishawa a cikinta.

Na ɗago ido da hawaye ina neman tausayi, sai na ga fuskar Yaya fes, kamar an ce mata yaji ya yi tsada. "Yauwa," ta ce. "An tada ta, hanya take biɗa. Ƙara, Auta, ƙara." Ta zaro tsinken tsintsiya daga cikin ɗankwalinta ta shiga motsa abin da ke cikin tasar.

Mai kula da ɗakinmu wata Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, mace mai zafin nama. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji. Ni kuma "mushe" take kirana, yadda ake kiran duk namiji mai ɗan mutunci a garin nan, ko da yake ranar na cancanci sunan ta kowace fuska. Ta zo ta tarar ina amai na uku. Ta duba takardata ta dube ni.

"Mushe, kai ka ce ba ka amai cikin mota."

Na ce, "Wani lokaci nakan ɗan yi."

"Da ka faɗa gaskiya, da an sa maka magani tun kana barci. Maganin barci da maganin ciwo, su ne suna tada zuciya, kai kuma naka zuciya ba shi da wuya tashi. Yanzu sai allura." Ta rubuta takardar magani ta miƙa wa Yaya. "Tanti, kai ka je farmasi maza ka kawo. Amai nan ba kyau ga ɗinki. In ya buɗe, mushe ya koma ciki a sake."

Abin da ya faru a farmasi daga bakin Yaya na ji shi daga baya, don har yau tana ba da labarin a kasuwa ba tare da ta ga laifinta a ciki ba. Ba ta karatun boko, kuma ba ta sayen abin da ba ta san amfaninsa ba. Ta tambayi mai farmasi, "Wanga maganin mi ne?" Ya ce maganin amai. Ta ji daɗi har ta sa masa albarka. A wurin Yaya, maganin amai shi ne wanda masu saiwa ke sayarwa bakin kasuwa, ka sha ka dawo da abin da ka ci tun Sallar bara. Ta ce, "Madalla, ashe sun san aikinsu. Yana hiddo komi da komi?" Ya ce, "A'a Hajiya, tsayar da shi yake." Murna ta koma ciki. Ta saya dai, don kada a ce ta yi wa ƙanenta rowa, sannan ta ƙulle ɗan kwalin a haɓar zanenta.

Ta dawo ɗaki fuska a ɗaure ta ce wa ma'aikaciyar, "Sun ce ya ƙare, sai gobe." Matar ta yi tsaki, ta ce za ta nemo wurin abokan aikinta, amma sai ta gama da wani da aka fito da shi daga ɗakin aiki yanzu. Ta ce in kwanta a gefe, kada in sha komai, ta fita da sauri. Ni kuwa idona na kan haɓar zanen. Na san wannan haɓar tun ina yaro, goro ne ke zama a cikinta, goro kuwa ba shi da kusurwa huɗu.

Na ce, "Yaya, mi ke cikin zanenki?"

"Goro."

"Yaya, don Allah."

Ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Auta, ka yi hankuri. Shekara talatin da ɗaya nike jiran ranar ga. Ta taso, tana bisa hanya, sai in bari su rufe mata ƙofa? In ta koma ta kwanta, wa ya san inda za ta soka? Ka daure kaɗan. Da ta hito, da hannuna zan ba su."

Tana rufe baki, amai na huɗu ya taso. Wannan karon na ji wani abu ya ce ɗas a cikina. Da na lafa na ɗaga rigar asibitin na duba, sai ga ɗigon jini a kan farin ƙyallen da aka rufe yankan da shi, kamar ƙwayar gyaɗa. Ina kallonsa yana faɗi. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaskiya, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga za a sake gungura ni ɗakin nan mai sanyi, a sake buɗe ni, duk a kan allurar da ta daɗe da ruɓewa cikin rairayin shagon da ma an rushe shi. An ce kada allura ta tono garma. Tawa ta tono, kuma ni ne gonar.

Na ce to, yau ƙarya ta ƙare. Na kamo hannunta. "Yaya, ki saurare ni. Ban haɗiye ba. Ƙarya na yi miki. Ƙasa ta hwaɗi, na gan ta, na taka ta da ƙahwa. Tsoron duka ne ya sa ni."

Na rufe ido ina jiran abin da ya shekara talatin da ɗaya yana jirana. Sai na ji tafin hannu a goshina. Ta juya wajen dattijon. "Allah sarki, Baba, ka ji shi ko? Maganin barcin bai sake shi ba, amma ko a haka ni yake tausayi. Tun yana yaro haka yake, ba ya son in ji na yi laihi."

Na ce, "Wallahi, Yaya..."

Ta toshe mini baki. "Kul. Kada ka rantse bisa ƙarya kana kwance gadon asibiti."

Sau ɗaya a rayuwata na faɗi gaskiya ba a matsa mini da tambaya ba, aka ce maye ne. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, ɗinkin bai yarda da ko ɗaya ba. Kiran ma'aikaciyar ma ba zai yi ba, ko da ina da muryar kira. In na tona Yaya gaban mutane, a kwance mata zane a karɓi magani da ƙarfi, aman zai tsaya, amma ita za ta koma gida da tabbacin cewa an rufe allura a cikina har abada, kuma za ta mutu da wannan.

Aka kira la'asar. Yaya ba ta jinkirta salla ko da gobara ake. Ta tura tasar ƙarƙashin gadona, ta gargaɗi dattijon kada ya bari kowa ya zubar, ta ɗauki buta ta fita. Kayana suna ninke a gefen matashi, hulata a sama. Babu telan da ya amsa sunansa da za ka rasa allura a naɗin hularsa. Na miƙa hannu a hankali, kowane motsi sai cikin ya yi mini magana. Na lalubo ta, da guntun zare shuɗi a hancinta. Na zare zaren da haƙori, na saki hannuna ƙasa, na jefa ta cikin tasar.

Da na ɗago, dattijon yana kallona. Ya ce, "Ɗana, tun ina yaro nike kamun kihi. Ban taɓa ganin wanda ya jefa kihi cikin ruwa da hannunshi ba, ya koma ya kwanta yana jiran a kamo mishi." Sai dariya ta kama shi, ya dafe nasa ɗinkin da hannu biyu yana roƙona in daina kallonsa.

Na yi shirin in ƙirƙiro yunƙuri in ta dawo, amma ban sha wahala ba, na gaskiya ya riga ni. Ta jawo tasar ta tara. Da na gama ta koma bakin taga inda haske yake, ta sa tsinkenta. Ɗakin ya yi tsit a kunnena. Sai na ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙarfe ya gogi tasa. Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ta jefar da tsinken ta sa yatsu biyu, ba ƙyama ba komai, ta ɗago ta.

Na ɗauka guɗa za ta yi ta tara mana asibitin. Ba ta yi ba. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe allurar gaban idonta, bakinta yana motsi ba a jin abin da take cewa. Ta daɗe a haka, har na fara tunanin ta manta da ni. Sannan ta miƙe, ta kwance haɓar zanen da haƙori, ta fita da gudu tana kira: "Madam! An samu! An samu!" Ma'aikaciyar ta ɗauka maganin ake nufi, ta ce alhamdulillahi, ba ta tambayi inda ya fito ba.

Ma'aikaciyar ta fasa bakin ƴar kwalbar maganin, ta zuƙe, ta tura a hankali ta cikin robar ƙarin ruwan da ke hannuna. Ban san sunan maganin ba, har yau ban tambaya ba, amma ina sa wa wanda ya haɗa shi albarka. Ba a daɗe ba rufin ɗakin ya tsaya wuri ɗaya, yawun ya janye, cikina ya kwanta. Na ji ƙamshin kifin nan bai ce mini komai ba. Ta ɗaye ƙyallen ta duba yankan, ta ce zare ɗaya ne na waje ya saki, na ciki ya riƙe, na yi sa'a. Ni ma na leƙa. Ɗinkin buhu ne, da ni na yi wa mai atamfa irinsa da an kai ni ƙara, amma ban taɓa ganin ɗinkin da na so kamarsa ba.

Bayan ta fita, Yaya ta wanke allurar da ruwan buta, ta goge da bakin mayafi, ta jefa ta cikin kwalbar tsakuwoyin. Ta jawo tabarmarta kusa da gadon ta zauna. Ta ɗago hannunta na dama tana kallonsa kamar na wani.

"Auta," ta ce, "hannun ga, tun ranar nan ko ɗiyan da na haihwa ban taɓa da shi ba. In na ɗaga shi sai in ji ihunka. Inna ta bar mini kai amana, ni kuwa na tura maka ƙarhe cikin ciki saboda atamhwa. Duk lomar da na kai baki sai in tuna taka lomar bisa allura take wucewa." Ta share ido da bayan hannu. "Ka yahe mini."

Ni ne ya kamata in sauko daga gadon in durƙusa. Na ci namanta, na ci ƴan kunnenta, ashe har ƙoshinta na ci ban sani ba. Duk shekarun nan ina ganin wayo na yi na kuɓuta daga mari ɗaya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ke biya ba. Na riga na gwada gaskiya ba ta karɓu ba, kuma yanzu ko za ta karɓu ba ni da zuciyar ƙwace mata abin da ke cikin kwalbar nan. Na ce, "Na yahe, Yaya." Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na lokacin ba. Dattijon ya juya mana baya, ya ja mayafi.

Washegari likita ya zo zagaye, Yaya ta tare shi da kwalbar tun daga ƙofa. Ya fito da allurar ya juya ta, ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Shekara talatin a ciki, ko tsatsa babu?" Ni dai barci mai nauyi ya ɗauke ni nan take. Ina ji Yaya ta ce masa, "Miyar kuɓewar da na ba shi ce." Bai ja da ita ba, mutum ne mai hankali. Ya dai ce wa ma'aikaciyar a ci gaba da maganin in zuciyar ta sake tashi, a kuma fara ba ni ruwa kaɗan-kaɗan.

Kwalbar tana rumfarta yanzu, tsakanin daddawa da barkono. Duk wanda ya tsaya sayen yaji ya yi kuskuren tambaya, sai ya ji labarin tun daga wuyan riga. Mata sun fara aiko mata da yaran da suka haɗiye kwabo ko maɓalli, ita kuma tana aika su asibiti da guzurin busasshiyar kuɓewa. Gaisuwarta ta gajarce, ina kwana, ina gajiya, shi ke nan. Har ƙiba ta yi.

Wata huɗu bayan aikin ta kawo mini atamfa in ɗinka mata don wani biki. Na ce Alhamis. Alhamis ta zo na ce Asabar, kamar yadda kowane tela ke yi tun da aka halicci almakashi. Ranar Asabar da hantsi ta shigo shago, ta tarar da atamfarta a ninke yadda ta kawo ta, ni kuwa ina kan rigar wani. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba, tsohon hali ne. Na dafe ciki na ɗan karkace, na ce ta gefen baki, "Yaya, cikin ne ya ɗan..."

"Wane ciki?" ta ce. "Ta hita."

Ta matso. Sai da ta miƙo yatsu biyu ta zare allurar da ke tsakanin leɓɓana, ta soke ta a jikin ƙyalle a hankali, ta duba ta tabbatar ta zauna, sannan ta nemo ƙeyata. Hannun bai tsufa ba. Idona ya kawo ruwa, na bar ta ta ɗauka zafin ne.